Inda Muka Wanke Famfo

Ranar kasuwar da ta wuce samari uku suka same ni a rumfar ƙofar gidana a Filinge, ɗaya riƙe da waya. Wai sun ga yadda ake yi a bidiyo: a zuba taki, a zuba ruwa, ƙwayoyin ƙasa su cinye guba, shi ke nan. Suna so in nuna musu abin da ya rage kafin azahar, don suna da wani wurin zuwa. Na tambaye su ko sun taɓa shinshina ƙasa. Suka dubi juna suka yi dariya. Ban ji haushi ba, don ni ma ranar da aka fara gaya mini akwai abu mai rai a cikin ƙasa da ke cin maganin fara, dariya na yi, kuma a lokacin furfura ta riga ta fito mini. Na ce su zauna. Abin da na gaya musu shi nake rubutawa a nan, saboda masu zuwa bayansu da irin wannan gaggawar.

Sunana Isa, amma daga Bonkuku har Sanam Isa Mai Famfo aka san ni. Kafin in zama mai gyaran ƙasa, mai feshi ne ni, shekara ashirin da 'yan kai. Aikina na farko a wata gonar gero ne yamma da gari, ƙarƙashin Shef Tahiru, tsohon soja mai guntun gemu wanda sarbis ɗin noma, wato ma'aikatar gona, ya ɗora a kanmu. Ya goya mini famfo cike da ruwa zalla, ya ce in yi tafiya daga wannan kunya zuwa waccan. Na tafi na dawo ina jin kaina. Ya durƙusa ya dubi ƙasa, ya nuna mini inda na jiƙa sau biyu da inda na tsallake. Kwana tara ina fesa ruwan rijiya kafin ya yarda a zuba mini magani. Kafin a fara aiki sai ya ɗebi busasshiyar ciyawa ya watsa sama ya ga inda iska ta nufa. Wanda Shef ya ga ya kai goro baki bai wanke hannu ba, ranar a ƙasa zai koma gida, ba za a ɗauke shi a mota ba.

Kayan aikinmu ba su da yawa, amma kowanne yana da halinsa. Akwai famfon goyo mai hannu, wanda igiyarsa ke cin kafaɗa har ta bar tabo. Akwai ƙaramin mai batir da kansa ke juyawa, na maganin mai wanda ba a haɗa shi da ruwa. Shi ba ya son rana ta take, ba ya son iska ta kwanta. Akwai takalmin roba, safar hannu, da abin rufe hanci wanda yawancinmu a wuya muke rataye shi idan Shef ya juya baya. Ina son zamanin nan, ba zan ɓoye ba. Idan motarmu ta shiga ƙauye lokacin da fara ta sauka, mata har guɗa suke yi. A kawo mana fura da nono, a yanka zabo. Muna ganin mu ne masu tsaron hatsin ƙasar Kurfai, kuma ba ƙarya muke yi wa kanmu ba, gonaki da yawa sun kai rumbu saboda mu.

Babbar dokar Shef Tahiru ita ce wanki. Famfo ba ya kwana da magani. A ɗauraye shi sau uku, a kwance bakinsa a goge da tsinke, a wanke tufafin aiki daban da na gida. Doka ce mai kyau, ta tsare mana fata da ƙirji. Sai dai duk tsawon shekarun nan babu wanda ya tambaya a cikinmu, har shi Shef ɗin, ina ruwan wankin yake tafiya. Mu dai mun ga ƙasa ta shanye, mun ɗauka magana ta ƙare.

A Filinge wurin wankinmu garkar Garba ce. Garba taubashina ne, ɗan ƙanwar mahaifina, kuma tun muna yara ba ma haɗuwa ba mu zagi juna ba. Garkarsa tana fadama kudu da gari, gadon mahaifinsa, da rijiyar da tsohon ya haƙa da hannunsa. Yana shuka salati, tumatir, shu, wato kabeji, da albasa a lokacin sanyi, matan kasuwa kuma har rige-rige suke a ƙofarta. Shi ya ba mu kusurwar gabas, ƙarƙashin wata goruba, don kusa da ruwa.

"Ku zaka nan ku yi wankinku," in ji shi. "Ko ba komi, Isa ya samu ya ga ruwa sau guda a mako, mutanen gari su huta."

Haka muka yi ta yi shekara da shekaru. Mu dawo daga daji da yamma, mu wanke famfo a gindin gorubar, Garba ya kwaɗa mana salati da ƙuli, a dafa shayi. Bayan babbar shekarar fara aka bar mana tano guda, wato gangar ƙarfe, na maganin mai wanda bai ƙare ba, magaza kuma, ɗakin ajiyar maganinmu, ta cika. Ni na ce a ajiye shi a gindin gorubar kafin a zo a ɗauka. Ba a zo ba. Shef ya rasu, aka watsa ƙungiyarmu, tanon ya sha damina huɗu a wurin, tsatsa ta ci gindinsa.

Kajin Garba ne suka fara nunawa. Guda shida suka yi tono a kusurwar da safe, kafin la'asar sun miƙe ƙafa. Da muka gusar da tanon, ƙasar ƙarƙashinsa baƙa ce, tana maiƙo, warin kuma ni na san shi fiye da warin gidana. Ruwan sama ya ja abin ya gangara da shi ta hanyar da ruwan wankinmu ya saba bi, har ya ci kusan kashi ɗaya cikin uku na garkar. Abin da aka dasa a wurin sai ya yi rawaya ya kwanta. Allah ya taimaka rijiyar tana ta sama, gangaren ya bi nesa da ita. Amma labari ya riga ya kai kasuwa. Matan da ke rige-rige suka koma wucewa ta gefe, har salatin da aka shuka can nesa da kusurwar ba mai taya shi. Wata ta ce masa a gaban mutane ba za ta kai wa 'ya'yanta abin da ya kashe kaji ba, kuma ban ga laifinta ba.

Sani, babban ɗan Garba, ya kawo shawara: masu yin tubali suna son wurin, a sayar musu su haƙe shi, a huta. Garba bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya zo gidana ya tsaya daga ƙofa, ya yi mini sallama irin wadda ake yi wa baƙo. A nan na sha jinin jikina, don taubashi ba ya gaishe ka da ladabi sai abu ya ɓaci.

"Isa, yara na son saida garka. Na ce musu su ba ni sanyi biyu. In ba ta tashi ba, ba ni da bakin hana su."

Kunya ce ta kama ni, irin wadda ba ta barin mutum ya ɗaga kai.

A cikin wannan hali wata furoje, irin ƙungiyoyin tallafin nan, ta aiko da Madam Rakiya daga Yamai, injiniyar ƙasa, 'yar Arewa ce ta wajen Dogonduci, shekarunta ba su wuce na 'yata ta fari ba. Ta zo duba tsofaffin magazan magani, aka ce mata ga wanda ya san su duka. Ni kuwa kafin in kai ta ko'ina sai na kai ta garkar Garba. Ta zagaya wurin a hankali, ba ta ko kalli tsakiyar baƙar ƙasar sosai ba. Bakin wurin ta tsaya, inda kiri-kiri ya fara rarrafowa yana shiga ƙasar da ta lalace. Ta sa safar hannu ta ɗebi ƙasar wurin a 'yan kwalabe, ta kafa turaku ta ɗaura igiya ta kewaye ciyawar.

"Baba Isa, nan akwai ƙwayoyi masu rai, ido ba ya ganinsu. Sun daɗe suna zaune bakin gubag ga har sun koyi cin ta. Su za su yi muna aiki. Kada kowa shi taɓa wurin ga sai na dawo."

A nan ne na yi dariyar da na gaya muku. Ni da na yi shekara ashirin ina ganin maganin nan yana zubar da fara kamar ganye, a ce wani abu da ba a gani yana cinsa ya ƙoshi? Na ce to a baki. A zuciyata na ɗauka turakun alamar inda gubar ta tsaya ce kawai.

Ta yi wata biyu ba ta dawo ba. Sanyi na farko yana ƙaratowa, Garba yana zuwa yana duban wurin yana komawa. Ni kuma zaman jira ya ishe ni, ina so ya ga ina yin wani abu. Sai muka yi abin da kowane manomi a ƙasar nan yake yi idan yana so ya tsabtace wuri: sassabe da wuta. Tun kakanni haka ake yi, a share, a tara, a ƙone, toka ta zama taki. Na kawo amalanke uku na karan gero, muka shimfiɗa a kan kusurwar duka, har da ciyawar da ke cikin igiya, don ita na fi zargi. Na ce wuta za ta ƙone gubar, idan Madam ta zo ta tarar mun rage mata aiki.

Hayaƙin da ya tashi ba irin na kara ba ne. Ni na tsaya ta inda iska ke fitowa, don jikina ya saba ko ban yi tunani ba. Garba ya tsaya ta inda take nufa, yana gyara wutar da sanda. Kafin in yi masa tsawa ya shaƙa. Kwana goma sha ɗaya ya yi a gidan likita, ƙirjinsa kuma bai koma daidai ba har yau. Idan ya yi tafiya mai nisa sai ya tsaya ya dafa bango. Sani ya same ni a ƙofar ɗakin da aka kwantar da shi.

"Baba Isa, garka kun kashe ta, mun yi shiru. Yanzu shi kuke so?"

Yaron da gaskiyarsa.

Da Madam Rakiya ta dawo ta ga toka, ba ta yi faɗa ba, na fi son ma a ce ta yi. Ta juya bokiti ta zauna a kai ta daɗe tana kallon turakunta da suka zama gawayi. Sakamakon kwalabenta yana cikin jaka, ya nuna abin da ta zata: ƙwayoyin suna nan, masu ƙarfi.

"Mi kunka yi haka, Baba? Gubar tana nan ƙasa inda kunka bar ta, wuta ba ta kai gare ta ba. Ma'aikatana kaɗai kunka ƙone."

Wannan ita ce mummunar shekarata a sana'a. Sanyin farko ya wuce ba a dasa ko albasa ɗaya a kusurwar ba, masu tubali suka zo har sau biyu suna auna wurin da ƙafa.

Madam ta ce za a iya farawa da taki kawai, ƙwayoyin da ke cikinsa su koya a hankali, amma zai ɗauki shekaru, mu kuwa sanyi ɗaya ya rage mana. Abin da ake bukata iri ne, ƙasar da ta riga ta saba. Ta ce kamar yadda mace ke barin ɗan tsohon nono a ƙwarya don sabo ya kama. Da ta faɗi haka sai na gane, don a gidanmu ba a taɓa wanke ƙwaryar nono da sabulu ba. Na tambaye ta ko ƙasar wani wurin wankin za ta yi. Ta ɗago ta dube ni.

"Akwai wani wurin?"

Na ce akwai. A Sanam, bayan tsohuwar magaza, mun fi daɗewa muna wanki a can fiye da nan.

Tafiyar Sanam ita ce aikina na farko a sabuwar sana'a. Lokacin hanya tana da lafiya, mutum ya hau motar kasuwa da safe ba wanda zai tambaye shi ina za shi. Na tarar da wurin kamar yadda na bar shi, fili fari fat, ciyawa ta kewaye shi tana matsowa. Na yi yadda ta koya mini: ba tsakiya ba, ba can waje ba, daidai inda saiwar ciyawa ta ƙare, zurfin tafin hannu. Buhu biyu na cika, na jiƙa wasu buhunan na lulluɓe su. Direba ya ce a ɗora a saman mota, na ce sam, rana za ta kashe su. Na zauna da su a ƙarƙashin ƙafata har Filinge, ina yayyafa musu ruwan gorata. Wani Buzu da ke kusa da ni ya tambaya mene ne a ciki, na ce ƙasa. Ya matsa gefe bai ƙara yi mini magana ba.

To, ga aikin da kuka gani a bidiyo cikin minti uku. Mun haƙe ƙasar da ta lalace har zurfin gwiwa, da felu da baro, da takalmin roba da abin rufe hanci, wannan karon a kan hanci. Muka shimfiɗa leda mai kauri, muka jera ƙasar a kai kunya-kunya, tsayin kowace bai wuce kamu biyu ba, don ƙwayoyin suna son iska. Muka kafa rumfar zana a sama. Muka haɗa ta da takin awaki da na shanu wanda ya riga ya ruɓe, ba ɗanye ba, da ƙaiƙayi don kada ta danƙare, da 'yar dusa don su sami abin da za su fara ci. A ƙarshe aka barbaɗa ƙasar Sanam aka cuɗa. Baƙar ƙasar da ke daidai gindin tanon kuwa Madam ta hana a haɗa ta. Ta ce a cikin tsofaffin magungunan da muka yi aiki da su akwai masu taurin kai da ƙwayoyin ba sa iya musu da wuri. Aka zuba ta a tanoni aka rufe, furojen ta kwashe. Duk wanda ya ce muku ƙwayoyin nan suna cin kowace guba, bai yi aikin ba.

Ban-ruwa shi ne inda ake gane mai sana'a. Ka damƙi ƙasar da hannu cikin safa: idan ruwa ya ɗiga, ka yi yawa, za su shaƙe, idan ka buɗe hannu ta wargaje, ƙishirwa suke ji. Sai ta tsaya dunƙule, ka taɓa ta da yatsa ta rabu. A watan zafi, lokacin da rana ke dafa ƙwai a Filinge, sau biyu nake zuwa, da hantsi da bayan la'asar. Kowace ranar kasuwa in juya kunyoyin duka, na ƙasa ya koma sama. Ba a kawo ruwan wanki ko na sabulu kusa. Da damina ta sauka muka ƙara leda a kan rumfar, muka yi 'yar ganuwa don kada ruwa ya wanke mana aiki ya kai wa maƙwabta. Mai feshi ya saba ya yi aikinsa da safe, da yamma ya ga gawa a ƙasa, ya wuce wani gari. Wannan kuwa kiwo ne, kuma abin da kake kiwon ba za ka taɓa ganinsa ba. Ya fi kowane famfo da na goya nauyi a gare ni.

Wata huɗu ban ga komai ba sai warin da ke raguwa. Madam ta koya mini gwajin talaka: gwangwani biyu, ɗaya ƙasar lafiya, ɗaya ƙasar rumfa, a binne wake goma-goma. Karon farko biyu suka fito a ta rumfa, a murɗe. Karo na biyu biyar. Wata safiya ina juyi sai felu ya fito da gwazarma, fara sol, tana nannaɗewa. Ni da na ci abinci shekara ashirin da kashe ƙwari, na tsuguna ina kallon tsutsar taki kamar an yi mini haihuwa. Na mayar da ita na rufe a hankali. Bayan ita gara ta shiga ƙaiƙayin, ƙasar kuma ta fara ƙamshin farkon ruwa. Duk da haka Madam ba ta yarda ba sai da ta sake kai kwalabe Yamai. Ta ce hanci da wake suna nuna hanya, amma ba su ke ba da izinin ci ba. Wannan ma ku riƙe.

Takardar sakamakon ta zo ana saura kaɗan a fara dashen sanyi. Ta ce a mayar da ƙasar, a shuka tumatir, abin da 'ya'yansa ke sama. Salati da albasa su jira wata shekara, gindin gorubar kuma a bar shi ba shukar ci. Garba duk waɗannan watannin yana zuwa ya zauna nesa a kan tabarma yana kallona, ba ya cewa komai sai sannu da aiki. Sani ya taya ni dashe ba don ya yarda ba, sai don uban ya ce.

Ranar da tumatir ya nuna, Garba ya aika a kira ni, ya kuma sa aka kira mata biyu daga cikin masu sarin da suka guje shi. Na tarar an tsinko cikin ƙwarya daga kusurwar, an wanke. Matan suna tsaye daga baya, hannu a ƙugu. Na san abin da ake jira. Na miƙa hannu zan ɗauka, don ni ya kamata in fara. Garba ya buge hannuna.

"Kai wanga? Kai da kash sha guba shekara ashirin ba ta kashe ka ba, wa za shi yarda da cikinka? Ko ƙusa kac ci lahiya za ka kwana."

Ya ɗauki babba ya gatsa, ruwan ya bi gemunsa. Ya cinye, ya ɗauki na biyu. Ɗaya daga cikin matan ta matso ta ɗaga ɗaya tana juya shi, ta ce nawa ne kilo. Sani ya juya baya yana gyara igiyar guga da ba ta lalace ba. Ba a ƙara maganar masu tubali ba. Murna na yi, na zauna a bakin kunya.

Da matan suka tafi Garba ya zo ya zauna kusa da ni, yana numfashi da ƙyar kamar yadda ya koma yi.

"Isa, ƙasar da kak kawo, daga Sanam ta, ko?"

Na ce e.

"Can ma kun yi wanki."

"Mun yi."

"Ina da ina kuma?"

Ban taɓa lissafawa ba sai ranar. Na fara da yatsu: bayan magazar Sanam, bakin tabkin da ke hanyar Abala, rijiyar makiyaya, garkar wani tsoho a Bonkuku wanda ke ba mu dankali, wata makaranta da muke kwana a cikinta. Na ƙare yatsun hannu biyu na ƙara ɗaya, har da garkarsa.

"Ni ina da kai, kana jin kunyata," in ji Garba. "Su waɗancan wa ag gare su?"

Daga ranar sana'ar ta zama tawa. Madam Rakiya ta yi gaba zuwa wani aiki, ta bar mini felu, safar hannu da lambar wanda zan aika wa kwalabe. Na yi aiki wa masu dankali a Bonkuku da ke fesa magani kamar suna ban-ruwa, na yi wa wani ɗan kasuwa da jarkokinsa suka tsiyaye a bayan shago, na sha faɗa da masu son a gama musu cikin mako guda. Waɗannan su ke ciyar da ni. Amma tsakanin aiki da aiki, wuraren nan goma sha ɗaya nake bi. Wani ya ɗauke ni shekara, wani biyu. A wani ƙauyen sai da na yi kwana uku ina bayani kafin su yarda cewa wanda suka yi wa guɗa da shi ne ya bar musu abin a bayan rijiya.

Bakwai na gama, har da ta Garba. Yanzu gwiwata ba ta juya kunya, hanyar arewa kuma ba ta shiguwa yadda muke shigarta da. Abokan feshina duk sun riga ni gidan gaskiya, babu takardar da aka rubuta wuraren nan a ciki, don a lokacin ba mu ɗauke su abin rubutawa ba. Samarin nan uku da suka zo, azahar ta yi ta wuce ba su tashi ba. Mai wayar ya tambaye ni yaushe za a fara koyon haɗa takin. Na ce masa wannan sai a hankali, ya fara samo takarda da biro tukuna. Saura wurare huɗu, akwai wanda yara ke wasa a kansa yanzu haka, kuma duk ƙasar Kurfai ni kaɗai na rage wanda ya san inda suke.